Lissafin da Matan Batsari Suka Ɓata

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Sani, kuma sai bana hankalina ya kwanta a kan amanar da ya bar mini, wato 'yarsa Bilkisu.

Yaya malamin jami'a ne, yana koya wa ɗaliban ilimin halayyar ɗan Adam yadda ake tsara bincike da lissafinsa. Taurin kai kam akwai shi. Ko shayi ka ce ya warkar maka da ciwon kai, sai ya ce ina wanda bai sha ba a kwatanta? Ɗalibin da ya ƙirƙiro lamba kuwa, ko ɗan wane ne, sai ya maimaita shekara.

Bilkisu ta bi sahunsa. Aikinta na shekarar ƙarshe a kan matan da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka zuwa Batsari ne, waɗanda firgici ya hana barci. Ta raba su biyu da ƙuri'a, rabi ta koya musu dabarar jan numfashi, rabi su jira, don ta ga bambanci. Da ta buga lissafi, babu bambanci ko kaɗan. Ashe waɗanda ta koya wa tuni suka koya wa sauran. Wata tsohuwa 'yar ƙauyen Yasore ta ce mata, "Yo ɗiyata, in yi barci maƙwabciyata na ido biyu?"

Ta dawo gida Safana tana kuka. Ƙawayenta suka ce ta ɗan taɓa lambobin, ai yanzu kowa haka yake yi. Da Yaya na raye, wannan magana kaɗai ta isa ta sa masa hawan jini. Ni kuwa tsoro ya kama ni ƙwarai, tsoron ta faɗi, da tsoron ta ci ta wannan hanya.

Ta rubuta abin yadda ya faru, ta ƙara da shawarar cewa nan gaba a raba rukunin da gari, ɗaya Batsari ɗaya Safana. Malamanta sun matse ta da tambayoyi, daga ƙarshe suka amince da aikin.

Littattafan Yaya gara ta ci rabi, ɗalibansa sun watsu, gidan da ya zauna wani ke ciki. Amma ranar da 'yarsa ta samu damar yin ƙarya, babu mai kallonta, ta ƙi. Yaya, ni ci da sha da kuɗin makaranta na iya, wannan kuwa kai ka ba ta. Allah ya haskaka kabarinka.