Layun Inna a Kan Sikeli

Yau na tsinci katin awon ɗiyata Hadiza a ƙasan akwati, tsohuwar kunya ta dawo mini sabuwa.

A Gummi muke lokacin, digirina bai ko yi ƙura ba. Wata uku ɗigon Hadiza yana bin layin ƙasa na katin. A lissafina ita ce ta ƙarshe a aji, ni kuwa ban taɓa zuwa ta ƙarshe ba.

Ranar awo na roƙi Inna, mahaifiyata, layu da gurun da na sha ce wa camfi. Na rataya wa Hadiza duka a ƙarƙashin rigar sanyi, don su ƙara nauyi.

Nas ta ɗaga ta, ta dube ni, ta shiga cirewa tana jerawa a tebur gaban mata.

"Malama, ɗiya za mu auna ko kayan malam? In na rubuta nauyin ƙarya yau, wata mai zuwa sai mu ce ta rame."

Aka kwashe da dariya. Wata dattijuwar Bafulatana ta taɓa ni.

"Ɗiyata, nauyin yarinyar ya hi na watan jiya?"

"Ya fi."

"To mi kika nema? Ni maraƙina da jiyanshi nika gwada shi, ba da garken wani ba."

Har mahaifiyata ta rasu tana murna boko ya sake ni, na yarda da layunta. Ban taɓa gaya mata ba.

Ku fa, me sikeli ya taɓa sa ku aikata?