Ƙwan Fitilar Yaya Sale

Shekara takwas ke nan da muka kai yayana Sale makwancinsa a Riyad. Mai aikin wutar lantarki ne, yana cikin waɗanda suka ja wayoyi a ramin tashar jirgin ƙasa ta kusa da Al-Murabba, tun wurin yana ƙura da ƙarafa. Ciwon zuciya ya ɗauke shi bai ga jirgin ya motsa ba.

Mutum ne mai ra'ayin rikau a kan haske. Yakan ce a haska inda ƙafa za ta taka, sauran a bar wa ido ya huta. Ni direba ne, sai in tsokane shi in ce rowar wuta ce kawai. A ƙarƙashin ƙasa ba rana ba inuwa, in azahar ta yi ma'aikata sai gardamar alƙibla. Sale ya rataye ƙwan fitila guda mai haske sosai ta sashen alƙiblar, ya rage na kewaye. Daga nan duk wanda ya yi alwala sai ya fuskanci ƙwan Sale.

Abin da ke damuna shi ne 'yarsa Hauwa. Tana ƙarama ya rasu, Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinta, kuma a ƙasar nan ba a rubuta suna a kan kabari. Ina tsoron ta girma ba ta riƙe komai nasa ba.

Da aka buɗe tashar na kai ta. Ko'ina fes, haske tar kamar shagon gwal. Na san da Sale na nan zai yaba matakalar, sannan ya yi mitar sauran har mu koma unguwarmu Al-Shumaisi. Hauwa ta ɗaga kai tana dube-dube, ta tambaye ni wacce ce fitilar Babanta. Na gaya mata gaskiya, cewa nasa na wucin gadi ne, an kwance su tuni. Raina ya sosu da na ga fuskarta. Don kada mu tafi haka, na ba ta labarin ƙwan alƙibla.

Sai ta ce, "Baffa, ashe shi ya sa Umma ba ta kashe ƙaramar fitilar bangon da muke fuskanta in za mu yi salla?"

Ban taɓa lura ba, ni da nake shiga gidan kullum. Allah Ya jiƙan Sale. Hauwa ta ce daga yau ita za ta riƙa canja ƙwan in ya ƙone.