Yadda Yaya Illa Yake Shigo da Baƙon Abu

Ku matso kusa ku ji, ko da yake maganar ba mai daɗi ba ce. Bazarar bana ta cika shekara goma sha ɗaya da rasuwar yayana Illa, Allah ya jiƙansa. Ni ƙanwarsa ce. Ban yi nisa a lakkwal, wato makarantar boko, ba, rayuwata duk tsakanin murhu da rijiya na yi ta, a ƙauyenmu da ke tsakanin Buza da Keita. Amma ina da kunne, kuma bango ɗaya ya raba ɗakina da zauren Yaya.

Lokacin da mutanen furoje, ma'aikatan shirin raya karkara, suka fara zuwa gyaran ƙasa, shi yake tsayawa tsakaninsu da dattawa. Ba wai ya fi kowa Faransanci ba ne, zaɓen kalma ya iya. Ban taɓa jin ya ce wa dattijo "ga sabon abu" ba. Yakan ce "sabo" kalmar kasuwa ce, ta dace da takalmi da kwano, amma in ka kai ta gona, tsoho zai ji kamar ka ce ubansa bai iya noma ba. "Canji" ta fi muni, don mai canji sai ya yar da na hannunsa. In kuwa wani ya riga ka ya ce "bidi'a", to shi ke nan, magana ta bar gona ta koma masallaci.

Shi "baƙo" yake cewa. Ranar da aka zo da maganar tassa, ramukan nan da ake haƙawa a fako a zuba taki don su riƙe ruwa, na ji yana ce wa Maigari, "Baba, baƙo munka yi. A ba shi masauki gefen gonata, damana guda. In shina da hali shi zamna, in babu mu raka shi."

Maigari ya ce, "Illa, baƙon naka mi shika ci?"

Ya ce, "Kashin awaki, Baba. Ba shi taɓa maka rumbu."

Wannan damanar ita yake kira "gwaji", kuma gwaji a gonar mai magana ake yinsa, ba a gonar wani ba. Da hatsi ya tsaya a inda ko ciyawa ba ta fita, bai ce "na kawo" ba, cewa ya yi "mun ɗauka". Kafin shekara uku kowa ya manta daga ina tassa ta fito.

Yanzu kalmomin sun yi yawa. Rediyo na cewa "zamanantarwa", ma'aikata na cewa "sansibilizasiyo", in sun juya mana ita su ce "wayar da kai". Na san da Yaya na nan sai ya tambaye su wa ya ce musu kawunanmu a duhu suke.

Bara ɗansa Hamidu, wanda ya yi karatun noma a Tawa, ya zo da buhu biyu na irin hatsi mai saurin nuna. Yaron kirki ne, don mu ya ɗauko. Aka taru a ƙofar Maigari, ni ina bayan danga. Ya miƙe ya ce, "Na zo in wayar muku da kai. Irin da kuke shukawa ya tsufa, dole a canza shi." Sai wani dattijo, Malam Habu, ya ce, "Ɗan Illa, da tsohon irin ga anka dama maka kunu har ka girma. Tahi da naka." Ba wanda ya ɗebi ko tafin hannu. Hamidu ya yi fushi, ko a gonar ubansa bai shuka ba. Ya jibge buhunan a ɗakina ya koma Tawa.

Ruwa ya ɗauke da wuri, hatsinmu ya fitar da kai bai yi ƙwaya ba. Maza suka tafi ci-rani tun kafin a gama sare kara. Kafin sanyi ya wuce mun binne yara biyu a unguwarmu, ɗaya jikar Malam Habu ce. Ban ce yunwa kaɗai ta ɗauke su ba, kwana ne ya ƙare. Amma kullum in na shiga ɗaki ina jin ƙwari suna cin irin da wataƙila da ya nuna kafin ruwa ya tafi.

Ramukan Yaya suna nan, har yau ana haƙa su. Bakin da ya shigo da su ne muka binne, ban ga wanda ya gada ba.

Shekaranjiya Hamidu ya dawo, ya rame. Ya buɗe buhunan, rabi ya zama gari. Ya zauna a ƙasa ya ce, "Gwaggo, ƙaƙa Baba ka cewa?" Na faɗa masa duk abin da na faɗa muku. Sai ya ce, "Shi bai zage su ba kafin shi roƙe su."

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, jibi Juma'a dattawa za su zauna kan maganar shukar bana, kuma Malam Habu na cikinsu. Kai mai karatu, in kai ne Hamidu, da wace kalma za ka fara?