Sunan Ciwon Yayana

Ina koyar da Turanci a wata sakandare a Nguru lokacin da ƙafafun yayana suka fara kumbura. Manomin shinkafa da barkono ne a Gashuwa, ƙaƙƙarfan mutum mai ɗaga buhu shi kaɗai. Da na je duba shi na tarar takalmi ya daina shigarsa, fuska ta yi suntum. Ni na raka shi asibiti, tunda ni ne ɗan bokon gidan.

Likita ya ce ƙoda ce, duka biyun, kuma babu hawan jini, babu ciwon suga. Na tambaye shi to me ya jawo. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Idiopathic."

Duk shekarun da na yi ina gyara wa yara Turanci ban taɓa jin kalmar ba. Muna fita Yaya ya riƙe hannuna.

"Me ya ce?"

"Sunan ciwon ya faɗa, Yaya."

"Alhamdu lillahi. Tunda an san sunansa, ai an san maganinsa."

A cikin keke-napep na duba waya. Daga Girkanci kalmar ta fito: rabin farko "na kansa", na biyun "ciwo". Likitoci kan faɗe ta ne idan ba su gano sanadin cuta ba. Ashe "ban sani ba" ce aka sa wa babbar riga.

Da muka isa gida na gaya masa: ciwon da ya zo don kansa. Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa.

"Mai shayin bakin kasuwa haka ya kumbura," in ji shi. "Da ladanin unguwarmu, da matar maƙwabcina. Duk don kansa ya zo mana?"

A gari wasu na cewa ruwa ne, wasu maganin feshi. An taɓa yin baƙi da suka ɗebi ruwan unguwar a ƴan kwalabe suka tafi. Mu dai ba mu ji abin da suka gani ba.

Mun yi ta zaryar wankin ƙoda har jikinsa ya gaza. Barkononsa na ja a gona muka kai shi makwancinsa.

Har yau matarsa a famfon unguwar take ɗiban ruwa, shi ƴaƴansa ke sha. In na je, ƙaramarsu kan durƙusa ta miƙo mini a kofi, ta ce, "Sannu da zuwa, Baffa." Nakan karɓa in sha.