Idon Kolo a Saman Rufi

A unguwar Pumpumre, in jan tayil ɗin rufinka ya tsage, Kolo za a ce ka kira. Ba don ya fi kowa iya aiki ba, ni ma na san waɗanda suka fi shi sauri. Abin da ya sa mata suka yarda da shi, ba ya leƙen gidan mutane.

Kafin ya taka tsani sai ya cire takalmi, ya buɗe wannan murya tasa mai kama da ta tsohon rago, ya ce, "Za a hau sama, a kintsa!" Ya maimaita da Fillanci. Matan maƙwabta su ja mayafi su shige ɗaki. In ya hau kuwa, kansa a sunkuye yake. Yana ƙwanƙwasa tayil da ƙotar guduma, mai tsaga ya yi ƙara irin ta fasasshiyar tukunya, ya ɗaga na samansa, ya zare shi, ya zura sabo. Tun yana saurayi har furfura ta fito, ba a taɓa jin ya ce ya ga wani abu a tsakar gidan wani ba. Da wannan suna yake ci da iyalinsa.

Ranar da yake gyaran rufin Alhaji Tahir, ana dab da damina, kiran nasa ya kori Inna Dela ɗaki. Ita kuwa ƙosai take soyawa a gidan da ke jingine da na Alhaji, ta bar kasko a kan wuta. Mai ya yi zafi ya kama, wuta ta lashi zanan da ke kusa.

Kolo ya gani. Ashe dai idon nan yana aiki, baki ne ba ya aiki. In ya yi magana sunansa ya zube, in ya yi shiru gida ya ƙone. Bai tsaya dogon tunani ba.

"Inna Dela, fito, zananki ya kama!"

Aka taru aka kashe da ƙasa. Kolo ya sauko jiki a sanyaye, har ya ba ni tausayi, ga mura ta toshe masa hanci yana ta ja. Mata sun cika ƙofar gida, sai wata maƙwabciya, Kaltumi mai bakin nan, ta ce, "To Baba Kolo, ashe kana gani?"

Inna Dela ta gyara ɗaurin zane ta ce, "Gani kuma? Kayya, ke dai Kaltumi. Ƙauri ya ji. Mutumin nan hancinsa ya fi na kyanwa. Useko, na gode, Malam Kolo, Allah ya bar maka hancinka."

Kolo ya yi ƙoƙari ya danne atishawa, ta ƙi dannuwa. Matan suka kwashe da dariya, kowacce ta kama hanyar gidanta. Washegari Kaltumi ce da kanta ta aiko a kira shi, wai rufin ɗakinta yana yoyo.