Tsaftar Uwar Biyu

Uwar Biyu mace ce da za ka iya duba fuskarka a gindin tukunyarta. Da tsafta take taƙama, kuma tsaftar ce ta kai ta ta baro.

Mijinta, wanda kowa ke kira Mai Sil, ya tsufa yana sayar da sil na injin ruwa, wato zoben nan da ke kama sandar injin ya hana ruwa tsiyaya. Kai ka ce duk ɗaya ne, amma shi da an aza masa tsoho a tafin hannu zai ce wannan mai sifirin ɗaya ne, wancan mai wuyan roba, wancan na injin rijiya. Da yake shagon kamar akurki ne, sai ya zubar da kwalayen ya jera su tsirara a kan kantar shagon. Lambobinsu duk suna kansa.

Rana ɗaya ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya tafi. Shagon nan kuwa shi ne cinsu, shi ne maganinsa, don haka Uwar Biyu ta ɗauki makulli.

Makanike zai zo da tsohon sil ya ce, "Inna, irin wannan."

"Ɗan nan, ɗauki wanda ya yi kama da shi."

"Ai kama da wane ba ta wane, Inna."

Ciniki ya ja baya. Ita kuwa ta ɗora laifin a kan dauɗa, don rabin zobban fuskarsu baƙa ƙirin ce. Wa zai sayi kayan ƙazami? Ta kwashe su kaf a daro ta kai gida, ta zauna a ƙofar ɗakin da Malam ke kwance, ta sa soson ƙarfe. Malam ya yi ta gurnani yana buga katifa da hannunsa mai rai.

"Haba Malam, bari in gama mana, zan kawo maka ruwan."

Baiwar Allah ba ta san baƙin nan ba dauɗa ba ne, haka aka yi shi. Fuskar ta fi madubi santsi, ko tabo kamar silin gashi ya hau ta, ruwa ya samu hanya.

Ba a yi mako ba wani makanike ya dawo da wanda ya saya, injin mutane na zuba. Ya bi kantar yana ɗaga zobban a hasken ƙofa ɗaya bayan ɗaya, har ya gaji ya daina.

"Ba wanda ya tsira?" in ji ta.

"Inna, sai dai a kai wa mai gwangwan, mai sayen tsoffin ƙarafa."

Baƙin ciki ya hana ta ko kuka. Ta rufe shagon tun kafin la'asar, ta shiga wurin mijinta ta gyara masa matashi, ta ce, "An ɗan taɓa ciniki yau, Malam."

Shi da aka goge dukiyarsa a gaban idonsa, ya dube ta ya daɗe. Sannan ya ɗaga mata kai a hankali, alamar ya yarda.