Ranar Da Aka Rage Wa Kwamfutar Marigayi Kaya

Ina tankaɗen garin masara na ji wani ɗan kuka, ƙit-ƙit, daga ƙarƙashin tebur. Tsohuwar kwamfutar maigidana ce, Allah ya jiƙansa. A cikinta ya ajiye karatun Alƙur'anin da ya ɗauka da muryarsa, daga nan wayoyin gidan suke jawo shi.

Ƙanena ya zo daga Funtua ya duba, ya ce, "Yaya, kaya sun yi mata yawa. Sai na cire komai, in bar abin da zai tayar da ita kawai."

Na yarda, a zatona kamar sharar rumbu ce kafin kaka. Yana gogewa ina salati. Da ya gama, sai baƙin allo da farin rubutu. Karatun yana ciki, in ji shi, amma garin gogewa ya haɗa da abin da ke tura shi waya, kuma ƙauyenmu babu sabis ɗin da zai dawo da shi.

Na yi ta danna waya, shiru. Autata ta jingina da ni ta ce, "Umma, Baba ya gaji da karatun ne?"